Zauren Tambayoyi: Koyon ɗaukar bidiyo da tace shi a waya ta intanet

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin da suka shigo mana daga Sakkwato da kewaye a wannan watan kusan duk hanya ɗaya suka bi: yadda ake koyon ɗaukar bidiyo da editin a waya. Mun tsamo waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Malamai, na ga tallar wani kwas na mako huɗu da ake koyar da ɗauka da editin a zauren WhatsApp. Wayata Tecno ce mai RAM 4GB. Ana iya koyon wannan aiki ba a gaban malami ba, ko asarar kuɗi zan yi? Ɗalibi, Runjin Sambo.

Ana iyawa ƙwarai, ɗan'uwa, kuma wayarka ta isa, muddin ka tsaya a matakin tsabtar hoto na 1080p ba ka ɗora mata 4K mai nauyi ba. Sai dai abin da ke raba kwas na kirki da na cin kuɗi guda ne: za a ba ka aiki ka je ka ɗauko, malamin ya kalla, ya ce maka ga inda ka kuskure? In babu wannan, kallo za ka saya, kallo kuwa ga shi nan kyauta a YouTube.

Kafin ka tura ko kwabo, ka ce malamin ya nuna maka abin da ya ɗauka da waya, ba da babbar kyamara ba, har da ɗanyen hoton kafin a tace shi. Gani ya kori ji. Ka nemi jerin darussan. In ka ga makon farko ya ƙare a kan yadda hoto zai riƙa juyi, rubutu na tsalle, ba a ko taɓa zancen haske da sauti ba, to an fara gini daga rufi. Ka tambayi manhajar da za a yi aiki da ita, ka sauke ta ka gwada tun kafin ka biya, domin wani malamin da ta kuɗi yake koyarwa, kai kuma ta kyauta ke hannunka, sai ka nemi maɓallin da ya danna ka tarar a kulle yake. Ka kuma tabbatar darussan za su zauna a wayarka bayan an gama, ba a rufe zaure ka tashi a tutar babu ba.

Ka yi lissafin data tun yanzu. Kallon awa ɗaya a 720p yakan ci wajen 1GB, a 360p kuwa kamar sulusin haka. Darasin ɗauka ka kalle shi a 360p, ba abin da za ka rasa. Na editin kuwa sai 720p, saboda maɓallan ƙanana ne, a ƙasa da haka ba za ka ga inda yatsan malami ya sauka ba. Ka sauke su da garabasar dare. Wata matsalar da masu talla ba sa faɗa: wayar da kake kallon darasi ita ce kake editin da ita, ka fita nan ka shiga can har kanka ya ɗaure. Ka ajiye littafi ka rubuta matakan, ko ka ari wayar wani na awa guda.

Ga aikin da muke ba duk mai farawa, ko kwas ɗinka ya ba ka ko bai ba ka ba. Ka je wurin mai shayin unguwarku, ka nemi izninsa. Ka ɗauki teburin gaba ɗaya daga nesa. Ka matso ka ɗauke shi daga ƙugu zuwa sama. Ka matso sosai ka ɗauki hannunsa yana ɗaga kofi, shayin na zubowa kamar igiya yana kumfa a kofin ƙasa. Ka ɗauki fuskarsa, ka zagaya bayan kafaɗarsa ka ɗauki abin da yake gani. Kowanne ka tsaya cak sakan 10, gwiwoyin hannu manne da haƙarƙari, kada ka bi shi da waya, kada ka taɓa zumin. Ka dawo ka haɗa su su zama sakan 30. Gobe ka yi wa mai gyaran babur, jibi baduku yana ɗinkin jaka. Wanda ya yi wannan sau ashirin ya wuce wanda ya kalli darasi ɗari hannunsa a aljihu. Takardar shaida kuwa kada ta ruɗe ka, mai ba da aiki bidiyonka zai ce ka nuna masa.

Ina ɗinki, ina ɗaukar kayan da na gama in sa a sitatus. In mutum ya sa farar shadda fuskarsa sai ta yi baƙi ƙirin, launin atamfa kuma ba ya fita yadda yake. Da dare wasu layuka ke gudu a hoton. Wayar ce ta lalace? Mai ɗinki, Arkilla.

Hajiya, lafiyar wayarki ƙalau. Matsala uku ce, kowace da dalilinta.

Waya tana auna hasken duk abin da ke gabanta ne ta nemi tsaka-tsaki. In farar shadda ta cika hoton, sai ta ɗauka haske ya yi yawa ta rage, fuska kuma ta tafi cikin duhu. Ki ɗora yatsa a kan fuskar mutumin ki danne har ki ga alamar kulle ta fito, sannan ki ja 'yar alamar ranar nan sama kaɗan kaɗan. Ki tsaya daidai inda fuska ta fito amma aikin wuyan rigar bai narke cikin fari ba. In kin wuce nan, zaren aikin da kika sha wahala a kansa ya ɓace, kuma babu editin da zai dawo da shi.

Amma gyaran gaske a wurin tsayuwa yake. Kada ki tsayar da mutum ƙofa ko taga na bayansa. Ki juya shi ya fuskanci ƙofar shago daga ciki, ke ki ba ƙofar baya. Rana tsaka kuwa, a garin nan, ba ta yi wa kowa kyau: hula na jefa inuwa a ido, ana yamutsa fuska, fari na ƙuna. Daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar sakaliya, su ne lokutanki. In gefe ɗaya na fuska ya yi duhu, a riƙe farin kwali ko farin yadi a wannan gefen, kamar kamu biyu daga fuskar, zai mayar da haske. Ba sai kin sayi komai ba.

Launin atamfa yana canzawa ne in hasken rana ya gauraya da na ƙwan lantarki, wayar ta rasa wanda za ta bi. Ki kashe ƙwan, ki bar haske iri ɗaya. Ki kashe duk wani abin gyaran fuska da na ƙara launi, ki yi amfani da kyamarar baya, ta fi ta gaba nesa ba kusa ba. Wannan ya wuce zancen kyau, zancen amana ne, don wadda ta ga ja a waya aka kai mata ruwan goro ba za ta sake dawowa ba.

Layukan dare kuma daga wuta suke. Lantarkin Nijeriya yana juyawa sau 50 a sakan, yawancin wayoyi kuwa a saite suke zuwa kan hoto 30 a sakan, wanda ya dace da wutar Amurka mai 60. Rashin jituwar nan ke haifar da layukan. Ki duba saitin kyamara, in akwai zaɓin 50Hz ki sa shi. In babu, manhajar Open Camera kyauta ce a Android, a wayoyi da yawa tana barin ki zaɓi hoto 25 a sakan. In ƙaramin janareto ne ke ba da wutar, gudunsa hawa da sauka yake yi, saiti ba lallai ya magance ba. Sai ki koma fitila mai caji, ki gwada sakan biyar ki duba kafin ki ɗauki na gaske.

Ni ke ɗaukar karatun da Malam ke bayarwa a zaure bayan magariba. Hoton ba laifi, amma muryar ba ta fita, sai ƙarar fanka da babura. Almajirin Malam, Mabera.

Allah ya saka da alheri, Malam. Wannan ita ce tambayar da muka fi so a yi mana, domin mutane suna haƙuri da hoto mai ɗan hazo, amma ba mai zama ya saurari karatun da ba ya ji.

Makirufon waya na kusa yake ji. In ka kafa ta taku biyar daga Malam, fankar da ke saman kanka ta fi shi kusa, ita za ta ɗauka. Magani shi ne makirufo ya matsa, ko da kyamara ba ta matsa ba. Ƙaramin na maƙalawa a riga, irin Boya BY-M1, igiyarsa mita 6 ce, yana da ɗan batir LR44 da maɓalli mai gefen kyamara da gefen waya, sai ka tabbatar yana gefen waya. Duk wanda za ka saya ka dubi bakinsa: mai zobe uku baƙaƙe shi ne na waya, mai zobe biyu na kyamara ne, in ka cusa shi wayar ba za ta ji shi ba. Marar igiya mai shiga ramin caji kuma, a wasu wayoyin sai ka kunna OTG a saiti, wato abin da ke barin waya ta karɓi na'urar da aka jona mata ta ramin caji, kafin ya yi aiki. Akwai wayoyin da manhajar kyamararsu ba ta kula makirufon waje sam, sai ka ɗauka ta Open Camera ka zaɓe shi a saitin sauti. Don ka tabbatar, ka ɗan ƙwanƙwasa kansa da farce kana ɗauka, in ka ji ƙarar a kunne to shi ke aiki.

Ka maƙala shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa. Ka lura da babbar riga: duk sanda Malam ya naɗe hannunta ya aza a kafaɗa, shaddar na gogar makirufo, a kunne sai ka ji kamar ana yage takarda. Ka maƙala a wuyan 'yar ciki, inda rigar ko jelar rawani ba za su taɓa shi ba.

In babu halin saye, ka ari waya ta biyu, ka kunna rikoda, ka ajiye ta kusa da littafin Malam a kan ƙyalle mai laushi. Wajen haɗawa, ka nemi bisimillar farko a sautin wayoyin biyu ka daidaita su a kanta, sannan ka kashe sautin ta nesa. In karatun ya yi tsawo ka duba ƙarshensa ma, wani lokaci baki da murya sukan ɗan saɓa, sai ka yanka ka sake daidaitawa. Kada ka ɗauki sauti daga bakin lasifika, fashewa yake yi. Zauren siminti tsirara yana amsa kuwwa, darduma da labule da cikar jama'a suna rage ta. Fankar da ke kan Malam a kashe ta in ana iya jurewa, a bar ta nesa. Kuma ka sa wayoyin biyu a yanayin jirgi, kira ɗaya ya isa ya katse maka ɗauka a tsakiyar hadisi.

Muna sayar da raguna, ina tura wa masu saye na Legas bidiyo. Wayar sai ta yi zafi ta rufe kyamara da kanta. Ɗan Kara, Sakkwato.

Kare kanta take yi. Kamfanin Apple ya ce wayoyinsa an yi su ne don yanayin da bai wuce digiri 35 ba, sauran ma ba su yi nisa da haka ba, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu muna haura 40. Ka cire mata riga, ka sauko daga 4K zuwa 1080p, ka kashe data, kada ka ɗauka tana jone da caji, ka tsaya a inuwar rumfa ko wani ya riƙe maka lema. Ka riƙa ɗauka gajere gajere, minti ɗaya ka huta. In ta yi zafi ka ajiye ta a inuwa, kada ka kai ta firiji ko kan ƙanƙara, raɓa za ta taru a cikinta. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba: ka hure idon kyamara tukuna sannan ka goge da ƙyalle mai laushi, in ka goge da ƙurar a kai karce shi kake yi.

Tunda ciniki ne, ka durƙusa wayar ta zo daidai ƙirjin ragon, ka bar zuminta a 1x, don 0.5 tana kumbura abin da ke kusa ta canza masa siffa. Mutum ya tsaya gefensa a ga tsayi, a ja shi ya yi tafiya, a buɗe baki a nuna haƙora, ka faɗi ranar da bakinka.

Na iya ɗauka, amma in na shiga editin sai in rikice. Da wace manhaja zan fara, kuma me ya sa ƙ da ɗ ke zama akwati a rubutuna? Malamar makaranta, Tambuwal.

Malama, ki zaɓi ɗaya ki zauna a kanta wata uku. CapCut, ta kamfanin da ya mallaki TikTok, ita ce mafi yawan kwasa-kwasai ke koyarwa, amma kayanta da dama sai an biya. VN tana fitar da bidiyo ba tambari. KineMaster ta kyauta tana manna nata tambarin a kusurwa. Kada ki sauke waɗanda ake yawo da su a zaurukan WhatsApp wai an buɗe musu komai kyauta, ba ki san abin da aka cusa a ciki ba, kuma a wayar nan asusun bankinki yake.

Rikicewa tana zuwa ne daga yin komai lokaci guda. Ki fara da kallon duk abin da kika ɗauko, ki ware na banza. Da kin buɗe aiki ki zaɓi siffa: 9:16 a tsaye don TikTok da sitatus, 16:9 a kwance don YouTube. A gaskiya tun kafin ɗauka ya kamata a yanke wannan, domin wanda aka ɗauka a kwance in aka tsayar da shi kusan kashi biyu cikin uku na faɗinsa ke tafiya. Sai ki jera maganar ita kaɗai, ki yanke shiru da maimaici da "to, wato", ki rufe ido ki saurara. In ta yi ma'ana ba tare da hoto ba, ƙashin bayan aiki ya tsaya. Duk inda kika yanka kan mai magana zai yi ɗan tsalle, sai ki rufe wurin da hoton kusa na sakan 2 zuwa 3: hannu a kan allo, alli na rubutu, littafi a buɗe. Wannan ne amfanin ƙananan hotunan da ake cewa a ɗauko da yawa. Bayan haka sauti, sannan rubutu, launi a ƙarshe kuma kaɗan. Juye-juyen da ake sawa tsakanin hoto da hoto ki bar su, yanka kai tsaye ya fi su tsabta sau tara cikin goma.

In za ki sa kiɗa a ƙarƙashin magana, ki rage shi har sai kin daina lura da shi, ki gwada a lasifikar waya, don da ita mutane za su ji. Waƙar wani kuma haƙƙinsa ce, YouTube da Facebook suna gane ta, suna iya kashe sautin ko toshe bidiyon. YouTube na da rumbun sautuka na kyauta.

Akwatin nan kuwa yana nufin salon rubutun da kika zaɓa ba a zana masa haruffanmu ba. Ki ƙara Hausa a Gboard, manhajar allon rubutun waya, sannan kafin ki fara ki rubuta ɓ ɗ ƙ Ɓ Ɗ Ƙ ki bi salon rubutun ɗaya bayan ɗaya har ki sami wanda ya fitar da su duka. Salon rubutu na Noto Sans yana da su, wasu manhajojin kuma suna barin a shigo da shi. Muna roƙonki kada ki haƙura ki cire lanƙwasar, ke da ke koyar da yara kin fi mu sanin tazarar da ke tsakanin baki da baƙi. Manhajar da ke rubuta magana a kan bidiyo da kanta ba ta kama Hausa yadda ya kamata, balle Sakkwatanci, ki rubuta da hannunki: layi biyu iyaka, fari mai baƙin gefe, nesa da ƙasan hoto da gefen dama inda maɓallan TikTok ke rufewa.

Bidiyo na fita tas a wayata, in na tura ta WhatsApp sai ya dushe. Matashi, Illela.

WhatsApp matse shi yake yi don ya rage nauyi. In mai aiki za ka ba, ka tura ta wurin da aka rubuta Document, yana ɗaukar har 2GB ba ya taɓa shi. Wajen fitarwa daga manhaja ka zaɓi 1080p, adadin hoto a sakan ya zama daidai da wanda ka ɗauka da shi, nauyi kuma wajen 8Mbps, wanda ke ba da kamar 60MB a minti.

Ana kirana ɗaukar bikin mata saboda ba a son namiji ya shiga. Ran nan na goge hotuna don in sami wuri, sai aikin da nake tacewa ya zama baƙi. 'Yar'uwarku, Gawon Nama.

Sannu, 'yar'uwa, wannan ya ci mutane da yawa. Manhajar editin sau da yawa ba ta kwafe bidiyon, nuni kawai take yi zuwa inda yake a waya. Kin goge asali, nunin ya faɗa rami. Ki duba kwandon shara na ma'ajiyar hotuna, wayoyi da yawa suna riƙe abin da aka goge har kwana 30, in kin mayar da su aikin na iya dawowa. Haka in kika cire manhajar ko kika share bayananta, aikin ya tafi. Manhajojin share datti ma ki yi hattara da su.

Awa ɗaya a 1080p tana iya cin 6 zuwa 8GB, don haka kada ki fita sai da 20GB a sarari da fawa bank cike. Mai 10,000mAh ba zai cika wayar 5,000mAh sau biyu ba, sau ɗaya ne da 'yan kai, saboda wani kaso na tafiya a zafi. Da kin dawo, kafin ki taɓa editin, ki kwafe komai zuwa filashi ta OTG. Memorin da arharsa ta yi yawa ki guje shi, akwai na jabu da ke nuna 64GB alhali cikinsa bai kai ba, sai ya cika ya riƙa cinye na farko.

An kira ki ne don an amince da ke. Kafin ki fara ki tambayi uwar biki wa za a ɗauka, wa ba za a ɗauka ba. Wadda ta kauce ko ta ja mayafi ki sauke waya. Ki kashe abin da ke kwafe hotuna zuwa intanet da kansa, ki sa wa wayar makulli, kada ki kai ta wurin mai caji ko mai gyara da bikin mutane a ciki. Kada ki sa ko sakan ɗaya a shafinki don talla sai amarya da mijinta sun yarda, in kina son abin nunawa ki ɗauki lalle a hannu, jeren kaya da kwanukan abinci. Ranar miƙa aiki ki ba su a filashi, su buɗe a gabanki su tabbatar yana yi, sannan ki goge naki suna kallo, har da na cikin kwandon shara.